Cimar Kyanwa Mai Kumburin Hanji, Daga Abin Da Ke Kasuwarmu

 

  

A ƙasar Daura, in aka ce likitan dabbobi, abin da ke faɗowa a rai shi ne shanu da raƙuman kasuwar Mai'aduwa, ko ragon layya, ko dawakin hawan Sallah da na Gani. Kyanwa ba ta da kara, ba a yi mata dillali, saboda haka ba kasafai ake kashe mata kuɗi ba. Amma ku zaga daga cikin gari zuwa Sandamu, Zango da Ɓaure, da wuya ku sami unguwar da babu ita, ko a gindin rumbu, ko a shagon mai hatsi, ko a ɗakin tsohuwa. Addininmu kuma bai ɗauke ta abin banza ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin Abu Ƙatada da ya karkata mata ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma kafa hujja da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Dabbar da aka ba ta wannan matsayi, in ciwo ya kama ta, ta cancanci a zauna a yi magana a kanta.

Ciwon da zan yi magana a kai shi ne kumburin hanji mai daɗewa, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da IBD. Bangon hanji daga ciki yana lulluɓe da wasu 'yan tsiro ƙanana ƙwarai, kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini. A wannan cuta, ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke taruwa a bangon, suna faɗa da abin da bai kamata su yi faɗa da shi ba, wani lokaci wani ɓangare na abinci, wani lokaci ƙwayoyin halittar da ke zaune lafiya a cikin hanjin. Bangon sai ya yi kauri, 'yan tsiron su dakushe, abinci ya riƙa wucewa jiki bai amfana ba. Shi ya sa za ku ga kyanwa tana ci, wani sa'in ma fiye da da, amma ƙashin bayanta na fitowa, gashinta ya yamutse.

Yawanci cutar takan kama kyanwar da ta manyanta, ko da yake ƙarama ma ba ta tsira ba. Alamarta ta farko amai ne, kuma a nan ne muke yin sake, domin mun ɗauka amai ɗabi'ar kyanwa ce. Kyanwa mai lafiya takan haras da curin gashi jefi-jefi. Wadda ke amai kowane mako, ko ta haura mako uku tana zawo, ko tana ramewa ba dalili, wannan tana da ciwo. Kashin ma yana ba da labari. In ƙaramin hanji ne ya kamu, zawon yakan zo da yawa, ruwa-ruwa, tare da rama. In babban hanji ne, takan yi ta zarya tana nishi, ta fitar da ɗan kaɗan mai majina, wani lokaci da ɗigon jan jini.

Kafin a ɗora wa abinci laifi, a fara da abin da ya fi yawa a wurinmu, wato tsutsar ciki. Kyanwar da ke kama ɓera da ƙadangare, kuma ƙuma na cizonta, kusan kullum tana ɗauke da tsutsa. Akwai kuma ƙananan halittu irin su jiyadiya da ido ba ya gani. A kai kashinta asibitin dabbobi a duba, likita ya rubuta maganin da ya dace da nauyinta. Ga tsohuwar kyanwa, ciwon ƙoda, ciwon hanta da yawan aikin ƙululun maƙogwaro duk suna kawo amai da rama, gwajin jini ne ke bambanta su. Tabbatar da kumburin hanji ɗari bisa ɗari kuwa sai an yanko ɗan tsokar hanji an duba a madubin likita, aikin da sai manyan wurare irin asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Mafi yawanmu ba za mu kai can ba. To, a nan ne abinci ya zama abin dogaro, domin shi ne gwajin da kowa zai iya yi a gidansa, kuma sau da yawa shi ne maganin.

A shekarar 2001, Grant Guilford da abokan aikinsa na Jami'ar Massey a ƙasar Niyu Zilan sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan kyanwoyi 55 masu ciwon ciki mai daɗewa wanda ba a gano sanadinsa ba. Suka ɗauke musu abincin da suka saba, suka ba su wanda ba su taɓa ci ba. Kusan rabinsu suka warware, galibi cikin kwana biyu zuwa uku. A cikinsu, 16 ciwon ya dawo musu da zarar an mayar da tsohon abincin, abin da ya tabbatar da cewa shi ne mai laifin. Abubuwan da suka fi tayar da ciwon su ne naman shanu, alkama da masara, wato abin da kyanwoyin suka daɗe suna ci kullum. Wani nazari da aka tattara a 2016 a kan kyanwoyin da abinci ke sa wa ƙaiƙayin fata ya sa naman shanu a gaba, sai kifi, sai kaza. Ku lura da wannan da kyau: jiki yakan yi gaba ne da furotin ɗin da ya daɗe da sani. Saboda haka tambayar farko ga mai kyanwa ita ce, me ta saba ci?

Amsar a gidajenmu sananniya ce. Ragowar tuwo da miyar kuka, shinkafa da mai da yaji, guntun burodi da aka tsoma a shayi, ɗan nono ko kindirmo a murfin kwano, kan kifi, da abin da mahauci ya jefar. Ana ba ta ne da zuciya ɗaya, amma cikinta ba irin namu ba ne. Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce, irin wadda har yanzu ake samu a dazuzzukan Sahel. Ta matso kusa da mutum kimanin shekara dubu goma da suka wuce, lokacin da manoman Gabas ta Tsakiya suka fara tara hatsi. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara wajen 9,500, aka tarar da mutum da kyanwa an binne su kusa da juna. Abin da ya kawo ta rumbu ɓera ne, geron bai dame ta ba, kuma har yau hanjinta na maharbi ne. Gajere ne in aka gwada da na kare. Yawunta ba shi da sinadarin da ke fara narkar da sitaci kamar namu. A 2005 masana a cibiyar Monell ta birnin Filadelfiya suka nuna cewa harshenta ma ba ya jin zaƙi. Tana iya narkar da dafaffen hatsi daidai gwargwado, amma ba za ta rayu a kansa ba. Madara kuwa, da zarar an yaye kyanwa, ƙarfin narkar da sukarin da ke cikinta yakan ragu, shi ya sa kyanwoyi da yawa ke zawo bayan sun sha.

Akwai abubuwan da jikinta ba ya iya haɗawa isasshe, dole ta same su daga nama. Babba daga ciki shi ne torin. A 1975 aka gano rashinsa na lalata idon kyanwa har ta makance. A 1987 Paul Pion na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis ya nuna cewa rashin nasa na sa zuciyarta ta saki ta kumbura, kuma in aka mayar mata da shi a kan lokaci zuciyar na farfaɗowa. Zan dawo kan torin, domin duk mai dafa wa kyanwa abinci a gida dole ya san da shi.

Hanyar canza abinci iri biyu ce. Ta farko, abincin kamfani da aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana ƙanana har garkuwar jiki ta kasa gane shi. Kamfanoni irin su Royal Canin, Hill's da Purina suna yin sa, akan same shi a wasu shagunan Abuja da Legas. Yana da kyau, an haɗa masa duk abin da jiki ke bukata, amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu, ga wahalar samu a kai a kai. Wanda ke da hali ya saya bisa shawarar likita. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne a ɗauko kowane buhun abincin kyanwa a kanti don an ga hoton nama a jiki. Ku juya bayan buhun ku karanta, za ku tarar da masara, alkama, kaza da kifi duk a haɗe, wato ainihin abubuwan da ake son gujewa.

Hanya ta biyu ita ce tamu, kuma a nan mutumin Daura ya fi na Landan sauƙi. Ana neman nama guda ɗaya tak wanda kyanwar ba ta taɓa ci ba. Bature sai ya biya kuɗi mai yawa kafin ya sami naman zomo ko na barewa a gwangwani. Mu kuwa muna da zomo a bayan gida, muna da zabo, tattabara, agwagwa da talotalo, ga raƙumi da mahautanmu ke yankawa. Zaɓin ya danganta da tarihin kyanwar. Wadda ta tashi a kan kifin Daberam da banda, a kauce wa kifi gaba ɗaya. Wadda ta saba da guntayen naman sa, kada a koma da ita kan akuya ko tunkiya, domin danginsu ɗaya, jiki na iya ɗaukar furotin ɗinsu abu guda. Zomo ko zabo ya fi mata. Wadda aka saba ba ta kayan cikin kaza, zabo da talotalo sun yi kusa da kaza, gara zomo ko raƙumi. A ganina, in ana samu, zomo ne na farko, saboda kyanwoyinmu kaɗan ne suka taɓa ɗanɗana shi, kuma ba shi da kitse mai yawa. Raƙumi na biye masa don arha da sauƙin samu.

Dahuwar ba ta da wuya. A cire ƙashi da tulin kitse, a yanka ƙanana, a dafa da ruwa zalla. Babu gishiri, babu dunƙule, babu daddawa, babu yaji, babu mai. Romon kada a zubar, a zuba mata tare da naman, domin torin na narkewa a ruwa, wanda ya zubar da romo ya zubar da shi. Romon kuma na ƙara mata ruwa a jiki, abin da kyanwa mai zawo ke matuƙar bukata, ga ta dama ba mai yawan shan ruwa ba ce. Ɗanyen nama ban yarda da shi ba ga hanjin da ke ciwo. Yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da toksofilasma, wadda kyanwa ke yaɗawa ta kashinta, mai haɗari ga mace mai juna biyu. Kyanwa mai nauyin kilo 3 zuwa 4 na bukatar dafaffen nama kimanin giram 120 zuwa 150 a yini. A raba shi gida huɗu ko biyar, domin kaɗan-kaɗan ya fi zama a ciki mai kumburi. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta ba tabbas, abin da ba ta cinye ba cikin rabin sa'a a ɗauke. In alamun na babban hanji ne, wato majina da nishi, ƙaramin cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa a cikin abincin yakan taimaka wajen haɗa kashin.

Kyanwa dabba ce mai taurin kai a kan abinci, ba ta son baƙon wari. A fara cuɗa sabon da tsohon, ana ƙara wannan ana rage wancan, cikin kwana huɗu zuwa bakwai a kammala sauyin. A ɗan ɗumama shi don ƙamshi ya tashi. Abin da ba a yi shi ne a ce a bar ta da yunwa, in ta matsu za ta ci. Kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitsen jikinta kan kwarara ya cika hanta, idonta da dasashinta su yi rawaya, kuma wannan na kisa. In ta yi kwana biyu cur ba ta sa komai a baki ba, a nemi likita, a ajiye maganar gwaji tukuna.

Yanzu ga wurin da gwajin ke rushewa, kuma ina roƙon iyaye mata su ba ni hankalinsu, domin a hannunsu abin yake. Tsawon mako biyu, babu abin da zai shiga bakin kyanwar sai wannan nama ɗaya da ruwa. In akwai ƙaiƙayin fata tare da ciwon cikin, sai an kai mako takwas. Loma ɗaya ta tsire da yaro ya jefa mata don tausayi ta isa ta mayar da hannun agogo baya. Gidajenmu kuwa a buɗe suke. Kyanwa ta haura katanga ta lashe tukunyar maƙwabta, ta bi ta wurin wanke-wanke, da dare ta kama ɓera, wataƙila ma ɓeran da ya ci shinkafar ɓera. Saboda haka dole a killace ta a ɗaki mai iska da inuwa, a ajiye mata ruwa mai tsabta da kwanon yashi don ba-haya, a kuma tara mutanen gida, babba da yaro, a gaya musu dalili. A nan ya kamata mu tuna hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Wanda ya rufe kyanwa don magani ya ɗauke mata farauta, cinta da shanta sun koma wuyansa baki ɗaya. In ya san tafiya za ta kama shi, ko ba shi da wanda zai kula, to ya jinkirta gwajin.

A samu ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da ta yi amai da yadda kashin yake. Kowane mako a sa ta a kwando a rataya a sikelin mai shago, a rubuta nauyin. Ido yana ruɗi, musamman idon mai son dabbarsa. In bayan mako biyu amai ya tsaya kuma kashi ya haɗu, alhamdu lillahi. Mai son ya tabbatar sai ya dawo da tsofaffin abubuwan ɗaya bayan ɗaya, a bar kwanaki a tsakani, wanda ya tayar da ciwon a san shi a haramta mata. In ba a ga sauyi ba, a gwada wani naman na dabam kafin a yanke ƙauna, domin a binciken Guilford rabin kyanwoyin da abinci ke damu, abu fiye da ɗaya ne ke damun su.

Tsoka zalla ta isa gwajin makonni kaɗan ga babbar kyanwa, amma ba ta isa abincin rayuwa ba, ballantana ga 'yar kyanwa mai tasowa. Maharbi na cinye ɓera ne duka, da ƙashi da hanta da zuciya. Tsoka ba ta da kalsiyam, kyanwar da aka daɗe ana ba ta ita kaɗai ƙasusuwanta kan yi laushi har su karye. Maganin wannan na cikin shararmu: a wanke ɓawon ƙwai, a tafasa, a shanya, a daka ya yi laushi kamar gari, a zuba kimanin rabin ƙaramin cokali a kowane rabin kilo na nama. A haɗa da zuciyar dabbar da aka zaɓa, don zuciya na da torin mai yawa. Hanta a sa 'yar kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin ashirin, saboda yawanta na tara bitamin A har gaɓoɓin wuya su sandare. Mai amfani da zomo ya ƙara kula. A Debis an taɓa ciyar da wasu kyanwoyi niƙaƙƙen zomo zalla na tsawon watanni, kashinsu ya yi kyau, gashinsu na sheƙi, amma rashin torin ya taɓa zukatansu. Duk wanda zai zarce da abincin gida ya zauna da likita a tsara masa ƙarin torin da bitamin.

Akwai abubuwan da ba sa shiga cikin kyanwa ko lafiyarta ƙalau. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, kuma kun san babu miyarmu da babu albasa. Kilishi, dambun nama, balangu da soyayyen naman layya duk suna ɗauke da su, ga gishiri ga mai. Bayan Babbar Sallah ne ciwon kan tashi wa kyanwoyi da dama, saboda kitse da ɗanyen kayan ciki da ake zubar musu. Busasshen kifi na da nasa haɗarin, don wasu 'yan kasuwa na fesa masa fiya-fiya saboda ƙwari. Dafaffen ƙashin kaza kan tsage ya soki hanji. Sai wanda ya fi tayar mini da hankali, wato farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta manya na iya kashe ta. Filajil da ake saye a kyamis don zawo, in ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwarta, ta riƙa tangaɗi. Don Allah kada a ba kyanwa maganin mutum sai likitan dabbobi ya ce.

Abinci ba ya warkar da kowace kyanwa, kun ji dai rabi aka ce. Ƙarshen ƙaramin hanji ne ke tsotsar bitamin B12, in ya kumbura sai bitamin ɗin ya yi ƙasa, cin abinci ya ragu, zawo ya ƙi tsayawa. Allurarsa ba ta da tsada, akan yi ta sau ɗaya a mako har mako shida, sannan a riƙa tazara, kuma takan buɗe wa kyanwa ciki sosai. Wasu sai an haɗa musu da firedinisolon don kwantar da garkuwar jiki. Wannan aikin likita ne, domin yana iya jawo ciwon sukari, yana kuma ɓoye wata cuta mai kama da kumburin hanji sak, wato sankarar hanji mai tafiyar hawainiya, wadda ita ma kyanwa kan yi shekaru da ita cikin sauƙi in an gano ta an sa ta a magani. A jikin kyanwa bututun matsarmama da na fankiriyas suna haɗuwa kafin su shiga hanji, shi ya sa kumburi a ɗaya kan haura zuwa sauran.

Saboda haka in kun ga idonta ya yi rawaya, ko amai da jini, ko kashi baƙi ƙirin, ko ta kwanta ta daina shan ruwa, ko an yi gwajin nama iri biyu nauyinta na ci gaba da sauka, ku ɗauke ta zuwa asibitin dabbobi. Ku tafi da littafin nan na rubutu, da ɗan kashinta na ranar a ƙulle cikin leda, da sunan duk abin da ta ci da duk maganin da aka ba ta, har wanda aka saya a kyamis.